Ƙarar injin a cikin lasifikar mota: daga ina take?

Tambaya: Na sa sabuwar amfilifaya da wufa a motata. Idan injin na kashe, sauti tas yake fita, amma da na tayar sai wani siririn fito ya shiga lasifika, ina taka totur yana ƙaruwa. Mai rewaya ya ce in canja amfilifayar. Haka ne? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Fiton da ke hawa da sauka tare da totur daga altaneta yake, wato na'urar da ke cajin batir idan injin na aiki, kuma galibi ba amfilifaya ce ta lalace ba, hanya ya samu ya shiga. Hanyar nan za mu nemo.

Tayar da injin, ka zare wayoyin sauti, wato masu kai ja da fari, daga jikin amfilifaya. In fiton bai ɗauke ba, duba wayar at, wadda ke komawa bodin mota. Nan ne masu haɗi suka fi yin ha'inci. Sai ka ɗaga kafet ɗin but ka tarar an maƙale ta a notin kujera, ko an ɗaure ta a kan fenti, ko an samo wata siririyar waya an yi mata jone-jone da salatif. Abin da ake so shi ne kaurinta ya zo daidai da na wayar da ta taso daga batir, tsawonta kada ya wuce santimita 45, a kankare fenti da tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, sannan a ɗaure tamau. Ka girgiza ta da hannu. In ta motsa, aikin bai yi ba. Ita ma amfilifayar kada a ɗaure ta kai tsaye a ƙarfen mota, a sa katako a tsakani. Kuma a zafin Afrilu na garin nan, a bar mata wurin shan iska.

In kuwa zare wayoyin ya kashe fiton, laifin yana gaba. Ko dai an jera wayoyin sauti da wayar wuta a gefe guda, ko kuma at ɗin rediyon ne bai kama ba. A bi da wayar wuta ta gefe ɗaya, ta sauti ta ɗaya gefen. Ka kuma duba maɓallin da aka rubuta Gain a jikin amfilifaya: yawanci ana murɗe shi ƙarshe don a burge mai mota, alhali har ƙarar yake ƙarawa.

Duk wannan bai yi ba? A auna caji. Injin na aiki, batir ya kamata ya nuna volt 13.5 zuwa 14.5. In dayod ɗaya ya ƙone a cikin altaneta, wato ɗaya daga cikin 'yan kayan da ke daidaita wutar da take fitarwa, wutar ba ta fita sumul, kuma babu gyaran wayar da zai ɓoye wannan. Ƙara mai ƙas-ƙas-ƙas kuwa ta fulogi ce ko kwayil. A sa fulogi mai rizista.

Akwai ɗan akwatin tace ƙara da ake sawa a wayoyin sauti. Ni ba na fara ba da shawararsa, don mai arahar yana rage nauyin sautin wufa, matsalar kuma tana nan. Kafin a fara gyaran kowace waya, a cire kan batir na nagatif, a kuma tabbatar akwai fiyus kusa da batir a kan wayar amfilifaya.