Kura da Shan Bugu: Tambayoyi kan Lada, Diyya da Sauya Sheƙa

Wani matashi Bazazzagi da ke karatu a Amurka ya aiko da tambaya: "Malam, a jami'armu ana ta maganar kuɗin da aka fara biyan ɗalibai masu buga ƙwallon Amurka. Na so in yi wa mahaifina bayani, sai na rasa kalmar da zan sa. Albashi ne, lada ne, ko tukuici? Da na gama ba shi labarin kuma sai ya ce, 'Ashe a da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.' Wane gardi ake nufi?"

Ɗana, Allah ya ƙara wa mahaifinka lafiya, ya riga ni ba ka rabin amsa. Gardi iri biyu ne a Hausa. Akwai gardin tsangaya, wato almajirin da ya girma, ya wuce kolo da titibiri amma bai kai alaramma ba. Akwai kuma gardin wasa, mai yawo da kura ko maciji kasuwa-kasuwa. Na biyun ake nufi. Kura tana sanye da takunkumi, ana jan ta da sarƙa, ana zabga mata kulki don 'yan kallo su taru, kuɗin da aka watsa kuma aljihun gardi yake shiga. Duk inda wani ke shan wuya wani na cin riba, nan ake jefa wannan karin magana.

Ga masu karatun da ba su san wasan ba, ba tamaula ba ce. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita, ana karo da ƙarfi, kowa da hular kwano. A 1905 kaɗai aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu a kanta, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i ya ce a gyara. Daga nan aka kafa hukumar kula da wasannin jami'o'i da yau ake kira NCAA a 1906. Fiye da shekara 100 dokarta ita ce ba a biyan ɗalibi ladan wasa, iyaka a ɗauke masa kuɗin makaranta da abinci da masauki. Alhali a 2022 ƙungiyar jami'o'i ta Big Ten ta sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninta a kan kimanin dala biliyan 7 na shekara 7, manyan masu horarwa kuma miliyoyin daloli suke kwasa duk shekara. Waɗanda ke samun shiga gasar ƙwararru ta NFL daga cikin ɗaliban nan ba su kai 2 cikin 100 ba. To ka ga maganar tsohonka ta zauna. Inda kawai ba ta cika ba shi ne, karatu kyauta ba ƙaramin abu ba ne, kuma ɗalibi da ƙafarsa ya shiga fili, ita kuwa kura kamo ta aka yi.

Yanzu sai kalmomin. Tukuici cire shi gaba ɗaya. Tukuici abin da ake ba ɗan aike ne idan ya kawo kyauta. Ba a ƙayyade shi, kuma wanda aka hana ba shi da bakin kai ƙara. Albashi na ma'aikaci ne, wanda aka ɗauka aiki ake biyansa wata-wata, jami'o'in kuwa har gobe sun ƙi amincewa cewa yaran nan ma'aikatansu ne. La'ada kason dillali ce, don haka ta wakilan da ke nemo wa 'yan wasa ciniki ce.

Kuɗin kansa kashi biyu ne. Tun ranar 1 ga Yulin 2021 aka yarda ɗalibi ya karɓi kuɗi idan kamfani ya yi amfani da sunansa ko hotonsa. Wannan kuɗin talla ne, kira shi haka. Na biyun ya zo ne bayan alƙaliya Claudia Wilken ta amince da wani sulhu tsakanin NCAA da 'yan wasan da suka kai ta ƙara ranar 6 ga Yunin 2025, wanda ya ba kowace jami'ar da ta shiga cikinsa damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan ni lada nake ce masa, kamar yadda muke cewa ladan ɗinki ko ladan dako: abin da gumi ya jawo, wanda mai shi yake karɓa ba tare da durƙuso ba. Kada ka ce wa mahaifinka kyauta ce. Wanda aka yi wa kyauta godiya ce tasa, wanda aka biya lada kuwa haƙƙinsa ya karɓa, yana kuma iya cewa bai ishe shi ba.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Maraɗi ta ce: "Malam, na ji ana cewa za a biya tsofaffin 'yan wasan diyya. Ni na ɗauka diyya ta jini ce kawai. Sannan a rediyo komai rauni ake ce masa, ba a bambance targaɗe da karaya."

Malama, kin yi gaskiya a kan asali. Diyya daga Larabci take, kuma a fiƙihu fansar rai ce ko ta gaɓa, har aka ƙayyade raƙuma 100 ga rai. Amma Hausa ta faɗaɗa ta, shi ya sa ake cewa an biya diyyar gona idan gwamnati ta karɓe ta don fitar da hanya. Ta wannan fuskar, kusan dala biliyan 2.8 da sulhun 2025 ya tanada, wanda za a biya cikin shekara 10 ga waɗanda aka hana kuɗin talla a baya, ana iya ce masa diyya. Sai dai diyyar asarar kuɗi ce. Diyyar jiki, wadda ke kusa da ma'anar farko, ita ce abin da ya fi damuna a labarin nan.

A 1955 wani ɗalibi mai suna Ray Dennison na kwalejin Fort Lewis a jihar Kolorado ya bugu a kai yana wasa, ya rasu. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta tanadar wa iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. A 1957 babbar kotun jihar ta ce ba ta da haƙƙi, domin mijinta ba ma'aikaci ba ne. Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA tun daga 1951, daga baya ya rubuta da hannunsa cewa da gangan suka ƙirƙiro laƙabin "ɗalibi ɗan wasa" suka cusa shi ko'ina don kauce wa irin wannan ƙara. Kent Waldrep na jami'ar TCU ya karye a wuya a wasansu da Alabama a 1974, jikinsa ya shanye, kuma a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta maimaita masa amsar da aka ba matar Dennison. Laƙabi guda ya tsaya tsakanin mutum da kuɗin jinyarsa shekara da shekaru. An ɗan samu sauƙi: tun Agustan 2024 akwai inshorar da ke biyan jinyar raunin wasa har shekara 2 bayan ɗalibi ya gama. Amma ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin cewa gwiwar da ta lalace da ƙwaƙwalwar da ta sha bugu ba su san shekara 2 ba.

Batun rediyo kuwa, ina tare da ke. Targaɗe shi ne gaɓa ta gurɗe, jijiya ta ji ciwo, ƙashi lafiya lau. Gocewa ƙashi ne ya bar mazauninsa. Tsagewa ya dare bai rabu ba. Karaya ya rabu, sai ɗori. Abin da ya sami Jordan Travis na Florida State a Nuwambar 2023 karayar ƙafa ce, kuma saboda rashinsa aka tsallake jami'arsa a gasar zakaru duk da ta ci wasa 13 ba a doke ta ba. Na Jaylon Smith na Notre Dame ranar 1 ga Janairun 2016 tsinkewar jijiyoyin gwiwa ne, wanda ya sa darajarsa ta faɗi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL suka yi a shekarar. Wanda ya ce duka biyun rauni ne bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye wa mai sauraro girman abin.

Wani mai sayar da kayan waya a Kumasi ya tambaya ko zagi ne a ce ɗan wasa ya sauya sheƙa.

Alhaji, sheƙa gidan tsuntsu ce, kuma a asali babu aibi a maganar. 'Yan siyasa ne suka shafa mata warin rashin amana. Kafin 2021 ɗan ƙwallon da ya koma wata babbar jami'a sai ya zauna shekara guda ba ya wasa, mai horar da shi kuwa yana iya tattara kayansa duk ranar da aka ƙara masa kuɗi a wani wuri. An buɗe rajistar masu son tashi a Oktoban 2018, aka yafe zaman shekarar ga tashin farko a 2021, a 2024 kuma aka cire iyaka. Da Nico Iamaleava ya bar jami'ar Tennessee ya koma jami'ar UCLA a Afrilun 2025 ana tsakiyar rahotannin saɓani kan kuɗi, magoya baya sun yi ta zaginsa. Da Hausawa ne, da sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wato wanda ya karɓi kuɗin aiki sai ya yi shi ko da ransa ba ya so. Wannan daidai ne idan akwai alkawarin da bai cika ba. Idan kuwa wa'adi ya ƙare, ko an ajiye yaro a benci bayan ya warke daga ɗori an sa wani a gurbinsa, ban ga laifinsa ba. Shawarata ga masu karanta labarai ita ce su ce "ya koma jami'a kaza", su bar "sauya sheƙa" ga wanda ya tashi ana tsakiyar kakar wasa.