Zan kai mahaifiyata Istanbul a lokacin sanyi: wane wata ya fi, wane otal za mu sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Birnin Kebbi, ina sayar da abaya da kayan yara. Shekara 3 ke nan ina ba wata 'yar'uwa sautun kaya daga Istanbul, bana na yi niyyar zuwa da ƙafata. Zan tafi da Inna, mahaifiyata, saboda ta daɗe tana burin ziyartar kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari. Ta haura shekara 60, tana fama da ciwon gwiwa, kuma ko sanyin hunturu na nan gida ba ta jure masa. Kwana 8 muke son yi, ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba. An turo min hoton wani otal mai kyau da araha a unguwar Taksim. In kama ɗakin?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a nema, ya ƙara wa Inna lafiya. Ki dakata da kama ɗakin nan tukuna, zan gaya miki dalili. Amma bari mu fara da sanyin, domin shi zai zaɓa muku wata, shi kuma zai zaɓa muku masauki.

Mutanenmu suna auna sanyin can da hunturun gida, nan ne suke yin kuskure. Sanyinmu busasshe ne. Da asuba a gefen fadama haƙora su yi ta kaɗawa, amma da hantsi ya yi sai a tuɓe rigar sanyi, kafin azahar an koma neman inuwa. Istanbul kuwa ruwa ne ya kewaye shi: Baƙin Teku ta arewa, tekun Marmara ta kudu, ga mashigin Bosforus ya raba garin biyu. Saboda haka sanyinsu jiƙaƙƙe ne, yana tafe da iska da yayyafi, kuma rana ba ta zuwa ta kore shi. A Oktoba zafin rana yakan kai wajen digiri 20, da dare ya sauko kusan 13. A Nuwamba da kyar yake wuce 15 da rana, da dare kuma ƙasa da 10, ga ruwan sama yana ƙaruwa har ya kai Disamba, watan da ya fi kowanne ruwa. Ke kuma za ki taso ne daga Kebbi a lokacin da zafi ke wuce digiri 30. Jikin dattijuwa mai ciwon gwiwa yana jin wannan bambancin tun a ƙofar filin jirgi.

Don haka in dama ta samu, ku tafi cikin Oktoba, kuma gara tsakiyarsa da ƙarshensa. Yini ya fi tsawo: rana tana faɗuwa bayan ƙarfe 6, alhali a tsakiyar Nuwamba kafin 6 duhu ya fara, da safe kuma ba ta fitowa sai wajen 8 saura. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, kuma tun 2016 ba sa canja shi. Ki lura da 29 ga Oktoba, ranar bikin kafa jamhuriyarsu ce, hutu ne, gari yana cika. Ranar Lahadi kuma babbar kasuwar garin mai rufi, wadda ake kira Grand Bazaar, a kulle take, haka shagunan sari da yawa. Ita ce ranar da za ki ware wa Inna.

Yanzu maganar otal. Taksim a kan tudu take, tituna da yawa na kewayenta gangara ce mai tsini, wasu ma matakala ce zalla, kuma shimfiɗar dutse idan ta sha ruwa santsi take yi. Otal ɗin da ya yi araha a can sau da yawa yana ƙasan gangaren ne, hoto kuwa ba ya nuna hawa. Bayan haka ba nan kasuwarki take ba. Masu sarin tufafi suna unguwannin Laleli da Aksaray, sai Merter da Usmanbe, abaya da hijabi kuma akwai su da yawa a unguwar Fatih. Abin da nake gaya wa duk wanda zai je a wannan lokaci shi ne ya ƙirga takun da zai yi daga ƙofar otal zuwa tashar jirgi, cikin ruwa, da kaya a hannu. In ya wuce tafiyar minti 5, ya sake nema.

Jirgin da nake nufi shi ne ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira tiram, layin T1. Yana ratsa Aksaray, Laleli, Beyazit inda babbar kasuwa take, Sultan Ahmad inda Aya Sofiya da Shuɗin Masallaci suke, ya gangara Eminonu bakin ruwa. A kan titi yake tafiya, ba sai Inna ta sauka matakala ba. Daga Eminonu akwai wani tiram ɗin, T5, da ke bin gefen ruwa zuwa Eyup Sultan, inda kabarin Abu Ayyub yake, Allah ya ƙara masa yarda. Daga Aksaray kuma jirgin M1A zai kai ki Merter. Kati ɗaya ne, Istanbulkart, ake zuba masa kuɗi a shiga tiram da bas da jirgin ruwa. Ni da zan zaɓa muku, tsakanin Laleli da Beyazit zan nema, a kan babban titin da tiram ke bi ko layi na farko bayansa. Kada ki yarda da wanda ya yi ƙasa sosai wajen teku, domin Laleli ma gangara ce: duk fitar da za ku yi zuwa tiram akwai hawa, kuma gwiwa ce za ta biya. A Aksaray ki karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta, wasu layukan akwai gidajen rawa da hayaniya har dare ya raba.

Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta musu ta WhatsApp ki yi tambaya, ki ajiye amsar. Ta farko: an kunna ɗumama ɗaki a kwanakin da za ku zo, kuma ke ce za ki riƙa ƙara shi da rage shi? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Otal da yawa na'ura ɗaya ce ke ba gidan duka sanyi ko zafi, kuma ba sa juya ta sai ranar da suka ga dama. Na taɓa sauke wasu bayin Allah a wani ƙaramin otal a farkon Nuwamba, ɗaki tsaf, gado fari ƙal, sai dare ya yi muka gane iska mai sanyi kawai na'urar ke hurawa. Wani dattijo a cikinmu ya kwana zaune da babbar riga da bargo biyu, da safe na same shi ya rungume kofin shayi da hannu biyu yana ɗumama yatsu, bai ce min komai ba. Shirun nan nasa har yau yana damuna, kuma laifina ne da ban tambaya ba.

Ki tambayi lifta, kuma ki tambaya ko tana kaiwa har benen da ɗakinku yake. A Sultan Ahmad akwai tsofaffin gidaje da aka mayar otal, kyawawa ne, amma matakalarsu matsattsa ce. Ki nemi banɗaki mai shawa a ƙasa, ba baho mai tsayi da sai an ɗaga ƙafa ba. Ki nemi butar lantarki a ɗaki. Ki tafi da garin kunu da citta da kanumfari, domin karin kumallonsu burodi ne da cuku da zaitun da tumatir da ƙwai, kuma ba kowace dattijuwa ce za ta iya fara yini da abu mai sanyi ba. Maganar tsarki kuwa hankalinki ya kwanta, masansu suna da ɗan bututun ruwa a jiki. Ki zaɓi ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba har sai biza ta fito. Yawanci sai ƙarfe 2 na rana ake ba da ɗaki, to idan jirginku da sassafe zai sauka, ki biya daren da ya gabata don Inna ta samu wurin miƙe ƙafa nan take. Wannan kuɗi ba asara ba ne.

Tufafi kuma ba sai kin cika akwati ba, garin tufafi za ki. Abin da za ku sa a ranar farko kawai za ki tanada: matsattsiyar riga da wando na ciki, suwaita a kai, sannan jaket mai tare iska da ruwa, abaya ta rufe. Sawa bisa sawa ya fi riga ɗaya mai kauri, domin cikin shaguna da jirgi akwai ɗumi, sai ki rage. Safa mai kauri, da rufaffen takalmi mai kama ƙasa. Silifas ya tsaya a ɗaki. Ko a 'yan gwanjo za ki samu waɗannan. Ki sa su a jakar hannu, kada ki auna su da kaya, saboda daga Abuja awa 6 da ɗoriya ne, kuma sabon filin jirginsu yana can bayan gari, fiye da kilomita 40, fili ne fetal da iska ke kaɗawa. Cajar wayarki mai baki 3 ba za ta shiga soket ɗinsu ba, nasu baki 2 ne zagayayyu, ki sayi mahaɗi tun daga gida. Magungunan Inna su ishe ta har ku dawo, tare da takardar likita.

Ranar ziyara ku yi alwala da ruwan ɗumi tun a ɗaki, domin famfunan masallatai da yawa a waje suke, ruwansu kamar ƙanƙara. Ku riƙe leda ta saka takalmi da ƙaramar laima. Ku fita da hantsi, kada ku je ranar Juma'a saboda cunkoso. Daga tashar tiram zuwa masallacin Eyup Sultan, inda kabarin yake, 'yar tafiya ce a shimfiɗe, ku bi a hankali, akwai wuraren zama da masu shayi a filin gabansa. Idan kun wayi gari da iska mai ƙarfi daga kudu, wadda suke kira lodos, ku fasa shiga jirgin ruwa a ranar, don takan sa a dakatar da su ma. Ki turo min sunayen otal biyu ko uku da kika gani a Laleli tare da amsar da suka ba ki kan ɗumama ɗaki, sai mu duba su tare.