Idan adafalin ya yanke, kada ka cike gurbinsa da man haɗi uku

Kai yaro, ka ce wata budurwa ta zo da takardar likita, an rubuta mata adafalin saboda kurajen fuska, kantarmu babu, dila kuma ya ce sai an kwana biyu. Shi ne kake tambaya ko ka ba ta man nan mai haɗi uku, tunda yana da araha kuma ba ya yankewa. Kul! Kada ma ka kai hannu wajen.

Man nan sitiroyid ne a cikinsa, wato sinadarin kwantar da kumburi mai ƙarfi, ko betametazon ko kilobetasol. Cikin 'yan kwanaki fuska za ta lafa, ta yi haske, yarinya ta yi ta sa maka albarka. Bayan wasu makonni kuraje su dawo ninki, fata ta yi siriri, baƙin tabo ya zauna a kumatu. Na ga wannan da idona, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Ka san halin da aka shiga daga 2023. Naira ta faɗi har dala ta haura 1,500 a 2024, kamfanin magunguna GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, kamfanin Sanofi ma ya bi sahu. A farkon 2024 kuma aka rufe shagunan magani na Sabon Garin Kano, aka ce a koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, kaya suka tsaya cak. Da kyar da jiɓin goshi na haɗa ɗan abin da ya samu na adafalin da benzoyil, shi ma man kurajen fuska ne, na ajiye wa masu takarda. Sai ga wata Hajiya da motarta, matar mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci. Ta ce ƙanwarta nas ce a wani ƙaramin asibiti, marasa lafiya na jira, in taimaka mata da duk abin da nake da shi, Juma'a za ta aiko da kuɗi. Ta rantse da Allah. Matar maƙwabci ta rantse maka, me za ka ce? Na kwashe na ba ta, har da rasit mai hatimin shago.

A makon nan ɗalibai suka yi ta zuwa da takardunsu ina ba su haƙuri. Juma'a ta zo ta wuce. In na kira, ta ce tana Abuja, ko ana rasuwa a danginsu.

Ashe gyaran jikin amare take yi. Wata rana da la'asar wani dattijo daga Tudun Wada ya tsaya a ƙofar shagon nan da 'yarsa, saura kwanaki kaɗan bikinta. Ya ce ta ɗaga niƙabi. Ƙananan jajayen kuraje jere a goshi da haɓa, duk girmansu ɗaya, kumatu sun ƙone, jijiyoyi siri-siri sun fito fili. Ya dangwara mini wata farar roba a kan tebur, ba suna ba lamba, sai ƙamshin turare. Hajiya ta matse maganina ta cakuɗa da kilobetasol da man bilicin, tana sayarwa ninki uku, tana kuma nuna hoton rasit ɗina a Instagram don a yarda daga kemis kayan suka fito. Dattijon nan ya ɗaga murya har masu keke suka tsaya kallo. Ya ce ni na ɓata wa 'yarsa fuska. Ni, da nake riƙe da lasisi tun kafin a haife ka! Da kuɗina na kai yarinyar wajen likitan fata. Hajiya kuwa ko sisi ba ta biya ba, kuma in mun haɗu a hanya sai ta ce, "Alhaji, ya iyali?" Akwai gidajen da har gobe ba sa aiko yaransu sayen ko farasitamol a wajena. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Yanzu ga abin da za ka yi wa budurwar nan mai neman adafalin. Fara neman maganin da sunan sinadarinsa. Ku yaran yanzu kalar kwali kuka haddace, in kamfani ɗaya ya yanke sai ku ce babu, alhali adafalin na kashi 0.1 daga Indiya na wani kamfanin yana nan. Wayar da kake yini a TikTok da ita, kira abokan sana'a na Kawo da Unguwar Rimi da Barnawa. Mai shi ya aiko, ko ka tura ta can, ribar kwali ɗaya ba za ta kashe mu ba. Duba lambar NAFDAC da wa'adi kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba.

In an rasa gaba ɗaya, kira likitan da ya rubuta ka gaya masa abin da ke kanta, shi zai canza. Yawanci benzoyil za a koma, kuma na kashi 2.5 ko 5 ya isa, na 10 ƙarin raɗaɗi ne kawai. Gaya mata ta shafa kaɗan, musamman da hunturu, kuma yana koɗar da launin hijabi da rigar filo. Ta jira mako 6 zuwa 8 kafin ta ce bai yi ba. Doksisaikilin, ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta, sai da takarda, ba a ba mai juna biyu, ba a kuma shan sa wata da watanni shi kaɗai. Mai ciki ba ta shafa adafalin ɗin ma, don haka ka tambaya cikin ladabi. Wanda ya zo da manyan kuraje masu ciwo da ke barin rami, ko yana neman ƙwayar kuraje ta aisotiretinoyin don ya gani a waya, tura shi wajen likitan fata a asibitin Barau Dikko ko na Shika. Aisotiretinoyin ɗin nan yana naƙasa ɗan tayi.

Idan kayan sun iso, mai takarda ɗaya kwali ɗaya. Rubuta lambar yarinyar a littafi, ita za ka fara kira. Duk wanda ya ce a ba shi dozin, ko bashi, ko da ya ce ni na turo shi, ka ce ya jira in dawo daga masallaci.