Matatar mai na bayan gari, mu muna wuni a layin mai: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a Damagaram. Babur ɗin ba nawa ba ne, kullum da yamma nake kai wa mai shi kuɗinsa. Duk sanda mai ya yi wuya, daga sallar asuba nake shiga layi, wani lokaci har azahar, daga ƙarshe a ce ya ƙare. In na koma wajen masu kwalba kuma, lita sai jika ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ga matatar mai nan bayan garinmu, tankoki suna wuce mu a cike. Ina man yake tafiya? Sannan in na dace na samu, ko in cika jarka biyu in ajiye a ɗaki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Wannan tambaya taka babu fadar da ba a yin ta a garin nan, kuma duk wanda ya yi ta yana da gaskiya, don ga ƙoshi ga kwanan yunwa abu ne mai ciwo. Amma akwai abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba tsawon shekaru: Damagaram daga rijiya biyu take shan mai, kuma wadda muka fi ja daga cikinta ba matatar ba ce.

Bari mu fara da matatar. An buɗe ta da sunan SORAZ a watan Nuwamba na 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, Nijar na da kashi 40. Ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga Agadem, kuma an gina ta ne don ta tace ganga 20,000 a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce, ka ga ke nan ɗan sama da lita miliyan 3 na ɗanye. Lissafin yana da daɗin ji, sai dai ba dukansa ke zama man da kake zuba wa babur ba. Daga ciki ake fitar da gazuwal na manyan motoci, a fitar da gas na girki, fetur ya ɗauki nasa kason. Kuma girman matatar yana nan yadda yake tun ranar da aka buɗe ta, alhali babura da adaidaita da ke yawo a Zango da Birni da Sabon Gari yau sun ninka na wancan lokaci. Ga kuma lokutan da dole a tsayar da injuna a yi gyara, kamar kowace matata a duniya.

To me ya rufe giɓin duk waɗannan shekaru? Ruwa-ruwa. Man da ake shigo da shi daga Najeriya ta bayan fage, ta wajen Magarya da Matamai da Dungas, a jarkoki, a kan babura da tsofaffin motoci. Muddin gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi, lita a can ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, don haka ko an biya ɗan dako an yi asarar hanya, man yana isowa nan ƙasa da farashin gidan mai. Kai kanka ka tuna sau nawa ka shiga gidan mai a waɗannan shekaru. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Ribar fasa-ƙwauri ta tsuke, tsaron iyaka ya ƙaru, rijiya ta biyu ta ja baya. Dubban mutanen da ke sayen man kwalba suka juyo gidan mai gaba ɗaya.

A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Talaka ya ji daɗin wannan, kuma ya cancanci ya ji. Amma ragin ya ƙara jawo jama'a zuwa famfo a daidai lokacin da famfon ba shi da ƙari. Da abin ya yi tsanani a watan Maris na 2025, cikin azumi da zafi, jami'an SONIDEP, kamfanin ƙasa mai rarraba mai, sun fito sun ce abin da matatar ke ba su a rana bai fi wajen rabin buƙatar ƙasa ba. Za ka ce a sayo daga waje mana. Ana sayowa, sai dai an rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da aka sauke a Lome sai sun ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiya, kuma man da aka sayo da tsada a sayar da shi 499, wani ne zai ɗauki bambancin. Babban bututun nan da ke zuwa tashar Seme a Benin kuwa ɗanye yake kaiwa teku, ba ya dawo mana da lita ko ɗaya ta fetur.

Tankokin da kake gani suna wucewa, da yawa gazuwal ne a cikinsu. Waɗanda suke ɗauke da fetur kuma, rabon ƙasa baki ɗaya ne: Maraɗi, Tawa, Agadas, Difa, da Yamai mai nisan kusan kilomita 900. A nawa ganin, garin da ke shaƙar hayaƙin matata kuma hanyoyinsa ke ɗaukar nauyin tankoki ya kamata a riƙa bayyana masa a fili lita nawa aka ware masa da gidajen man da aka kai wa. Rashin wannan bayani ke haifar da jita-jita, jita-jita kuma ke tsawaita layi. Mai motar da ya saba shan lita 10 in ya ji an ce gobe babu, sai ya ce a cika tanki, ya kawo jarka. Man da zai ishi mutum biyar ya tafi da mutum ɗaya, ya kwanta a gareji.

Yanzu ga lissafinka. A ce kana shan lita 3 a wuni. A famfo jika ɗaya da rabi ke nan, a kwalba yadda ka faɗa jika 3. Bambanci jika ɗaya da rabi. Sai ka tambayi kanka nawa kake samu daga asuba zuwa azahar a ranar da kake kan hanya, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata da masu zuwa Kasuwar Dole suke fita. In abin da kake samu ya fi wannan bambanci, to layin ya fi kwalbar cin kuɗinka, ko da yake ba ka ga kuɗin suna fita daga aljihu ba. Direbobi da yawa ba sa sa sa'o'insu cikin lissafi, kuma nan ne babbar asarar take. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ku haɗa kai ku uku ko huɗu, kuna sanar da juna ta waya inda tanka ta sauke, ku daina bin layin gidan man da famfonsa ke rufe bisa zaton wataƙila.

Kuma ka sani nauyin ba a kanka kaɗai yake tsayawa ba. In ka ƙara kuɗin kai mutum, matar da ke zuwa awo ta rage abin da za ta saya, ko ta taka da ƙafa cikin ranar Afrilu. Mai lambu a Mirya ko Gidimuni da injin ban ruwansa ke shan fetur, in ya rasa na kwana uku a tsakiyar zafi, salati da tumatir sun tafi, bayan mako biyu mu gani a farashin kayan miya. (Shi ya sa wasu masu lambu suka juya injinansu zuwa tukunyar gas, kuma ba su yi kuskure ba.) Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara da ke dogara da janareta in wuta ta ɗauke, duk sai su zauna. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na ƙauye: mace tana naƙuda da dare, babur ɗin da zai kai ta likita yana nan, tankinsa a bushe. Don haka duk rintsi ka bar wa babur ɗinka lita ɗaya da ba ka taɓawa in za ka kwanta, saboda gidanka da maƙwabta.

In dole ta kai ka ga kwalba, ka duba da idonka. Yawancin samarin nan abinci suke nema kamar kai, amma lokacin tsada ne ake samun masu gauraye. Ɗaga kwalbar ka kalli gindinta: ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Ɗiga kaɗan a kan farar takarda: fetur mai kyau yana bushewa nan da nan, wanda aka haɗa da kananzir yana barin tabon maiƙo. In ka zuba ka ji inji na ƙwanƙwasa, ko ya ƙi tashi da safe, ko buji ya yi baƙi, kada ka koma wurin. Ka riƙa tacewa da tsumma mai tsabta a bakin mazurari, don ƙurar jarka ita ke toshe kabureta. Kada kuma ka zuƙi mai da baki ta tiyo. In ya sarƙe ka ya shiga huhu, rauni yake yi mai wuyar magani.

Maganar jarka biyu a ɗaki kuwa, ƙanena, ina roƙonka don Allah kada ka yi. Abin da ke kama wuta tururin man ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana tafiya har ya iske murhu ko kurfoti ko maganin sauro da aka kunna a ɗaya kusurwar. A zafinmu da ke haura digiri 40 jarkar roba tana kumbura, murfi ya saki, kana barci ba ka sani ba. Ga yara da ke ganin ruwa a gorar lemo su ɗauka abin sha ne. Mun ga abin da fetur ke yi in ya sami wuta: a Yamai a watan Mayu na 2019 tanka ta fashe kusa da filin jirgi mutum sama da 50 suka rasu, a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 sama da 150 suka tafi, galibinsu suna kwasar man da ya zube. Wuri mafi aminci ga man da ka samu shi ne tankin babur. In ya zama tilas ka ajiye kaɗan, to a waje, a inuwa, nesa da madafa, cikin abin da ke rufuwa sosai, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sauran kuma 'yan ƙananan abubuwa ne da ke tara lita a mako: iskar taya ta cika, a wanke matacin iska saboda ƙurarmu, a kashe inji in ana jiran fasinja, a daina yawon neman mutum a tsaya a mahaɗa. Sannan ka je ka sami mai babur ɗin, ba da yamma lokacin kai kuɗi ba, ka zauna da shi cikin ladabi ka nuna masa lissafin nan na lita 3. Ka roƙe shi a rage abin da kake kaiwa a ranakun da mai ya yi wuya, a koma yadda aka saba in famfo ya buɗe. Ka faɗa masa kuma cewa ba za ka zuba wa babur ɗinsa gaurayen mai don ka cika kuɗin yamma ba, domin gyaran injin a kansa zai faɗa.