Yis da kullun tsami ba sa kashe tankin masai, amma ki kula da bututu

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki, kuma kashi biyu ce. Kin ce kin fara yin burodin tsami, duk lokacin da za ki ciyar da kullun tsamin, wato kwaɓin fulawa da ruwa da ake bari ya yi tsami don ya tayar da burodi, sai kin rage rabi kin zubar, kina wanke kwanon a sinkin kicin, gidanku kuma tankin masai ne da sokawe, shi ya sa kike tsoron kada tsamin ya kashe ƙwayoyin da ke aiki a cikin tankin. Sannan wata ta ba ki shawarar ki riƙa juye fakitin yis a masai duk wata, wai yana narkar da ƙazanta har ba sai an kira masu kwashewa ba.

Na daɗe ina yin wannan burodi, kuma duk tsawon shekarun a gida mai tanki nake zaune. Abin da zan ce miki shi ne, yis da kullun tsami ba sa kashe tanki, ba sa kuma gyara shi. Inda kullu ke yin ɓarna a bututu ne, tun kafin ya kai ga tankin, kuma can ya kamata hankalinki ya koma.

Bari in fara da abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfin, domin idan kin gane shi rabin tsoron ya tafi. Duk abin da ya fito daga banɗaki da kicin yana shiga tankin ya zauna kwana ɗaya ko biyu. A wannan zaman mai nauyi yake nutsewa ƙasa ya zama laka, mai da kitse da kumfar sabulu su taso sama su yi ɓawo, ruwan da ke tsakiya kuma shi ne ke wucewa sokawe, ƙasa ta tsotse shi ta ƙarasa tace shi. A cikin lakar akwai ƙananan ƙwayoyin halitta, bakteriya da makamantansu, masu rayuwa ba tare da iskar oksijin ba, aikinsu kuma hawa-hawa ne. Wasu suna farfasa sitaci da furotin da mai. Wasu suna mayar da abin da aka farfasa ruwan tsami. Na ƙarshe su ci tsamin, su fitar da iskar metan da kabon dayoksaid. Ki lura da wannan sosai: tsami ba baƙo ba ne a tanki. Tankin da kansa yake haifar da tsami kullum, yake kuma cinye shi. Kullunki yana ɗauke da tsami iri biyu, irin na madarar da ta yi tsami da irin na binega, kuma wannan na biyun shi ne ainihin abincin ƙwayoyin da ke fitar da metan.

Gaskiya ne kullun da ya nuna yana da tsami sosai, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, yana tsakanin 3.5 da 4, su kuwa ƙwayoyin metan sun fi jin daɗi kusa da 7. To amma a duba yawa. Tankin gida matsakaici yakan ɗauki lita 3,800 ko kusa da haka. Kofi guda na kullu a cikin wannan ruwa bai fi cikin cokali ba. Ga shi kuma ruwan tanki yana da amoniya daga fitsari da gishirin bayikabonet, waɗanda ke kashe kaifin tsami da zarar ya shigo. Ko gezau tankin ba zai yi ba. Su kansu ƙwayoyin kullun, yis ɗin daji da bakteriyar tsami, sun saba da fulawa sabuwa a kwano mai tsabta. Idan suka faɗa tanki ba za su iya gogayya da 'yan gida ba, ƙarshenta su ne za su zama abinci.

Yanzu maganar zuba yis a masai. Wannan shawara ta yaɗu ƙwarai, kuma masu ba da ita da zuciya ɗaya suke yi, sai dai ba ta da tushe. Yis ɗin burodi, wanda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae, sukari yake ci, ya fitar da iska da barasa. Iyakar sana'arsa ke nan. Ko a cikin kwaɓin burodi ba shi ke farfasa sitaci ba, sinadaran da ke cikin fulawar ne suke mayar masa da sitacin sukari kafin ya samu na ci. To me zai tarar a tanki? Takardar banɗaki, maiko, gashi, zaren tufafi daga wanki, yashi. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake iya taɓawa. Idan kuma dalilin shi ne wai a ƙara wa tankin ƙwayoyi, ai kowane giram guda na bayan gida yana ɗauke da bakteriya kimanin biliyan 100, kuma irin waɗanda suka saba da rashin iska ne. Duk wanda ya shiga banɗaki ya kora da ruwa ya riga ya zuba wa tankin iri fiye da abin da ke cikin kowane fakiti.

A Amurka, inda kusan gida ɗaya cikin biyar ke amfani da irin wannan tanki, hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ba ta ce a zuba wani ƙari ba. Shawararta ita ce a duba tanki aƙalla duk shekara 3, a kwashe shi duk shekara 3 zuwa 5, gwargwadon girmansa da yawan mutanen gidan. Na san za ki ji wani ya ce shi yana zuba yis kuma shekara da shekaru tankinsa bai taɓa ba shi matsala ba. Ba ƙarya yake yi ba. Babban tanki a gidan mutum biyu ko uku dama yana daɗewa bai cika ba, ko an zuba yis ko ba a zuba ba.

Abin da ya fi damuna da wannan shawara ba yis ɗin ba ne, kwanciyar hankalin da take sa wa mutane ne. Mai zuba yis yana ganin ya sauke nauyi, sai ya manta da kwashewa. Ita kuwa laka tana ta taruwa, domin akwai abin da babu ƙwayar da za ta narkar da shi. Idan ta yi tudu ta kusa bakin bututun fita, sai ta fara bin ruwa zuwa sokawe, ta toshe ƙofofin ƙasar da ke shan ruwan. Daga nan ruwa ya daina tsanewa, wari ya tashi, banɗaki ya fara dawo da abin da aka kora. Tanki ana kwashe shi a yini ɗaya. Sokawen da ya toshe kuwa sau da yawa sai an haƙa wani. Wannan buri na tankin da zai cinye komai da kansa tsoho ne, tun zamanin Bafaranshen nan Jean-Louis Mouras da ya yi wa irin tankin rajista a 1881 ake wannan zato, kuma har yau laka ba ta daina taruwa ba. Akwai ma masu haɗa yis da sukari mai yawa da ruwan ɗumi su juye. Wannan kam ki guje shi, domin kumfar iskar na iya tayar da lakar da ta kwanta, alhali duk amfanin tankin shi ne ta kwanta ɗin.

To mu dawo kan bututu, inda na ce miki matsalar take. Ki dubi bakin kwalbar da kike ajiye kullun, wurin da ya shafa ya bushe. Kin san yadda sai kin jiƙa shi kin kankare da wuƙa kafin ya fita. Haka yake yi a cikin bututu. Akwai wata maƙwabciyata mai gasa burodin sayarwa a gida, ruwan sinkinta ya fara tafiya a hankali, yau ya ɗan tsaya, gobe ya yi ƙugi kafin ya wuce, har ya tsaya cak. Ina wurin mai gyaran famfo ya kwance lanƙwasasshen bututun nan na ƙarƙashin sinki. Da ya ɗaga shi ga haske, cikinsa duk ya yi zobe fari-fari mai ruwan toka, ƙofar da ta rage ɗan yatsa ma da ƙyar zai shiga. Saman zoben yana da yauƙi da warin tsami, ƙasansa kuwa ya taurare kamar siminti, da sukundireba ya riƙa ɓanɓaro shi gutsure-gutsure yana zubawa a bokiti. Ya tambaye ta ko tana zuba fulawa a sinki, ta ce ita dai wanke kwanukan kwaɓi kawai take yi, kuma da ruwan zafi take korawa don kada ya maƙale.

Ruwan zafin nan shi ya ƙara dagula lamarin. Sitacin alkama idan ya ji zafi kusan digiri 60 na Salshiyas kumbura yake yi ya zama gam, ya manne a jikin bututu, ya huce, ya daskare. Furotin ɗin alkama kuma, wato gulutin, wanda ke sa kwaɓi ya yi danƙo, ba ya narkewa a ruwa sam. Shi ne kike gani yana nannaɗewa a soson wanke-wanke. A bututu yana kama gashi da maiko da ɓarɓashin abinci, zoben ya yi ta kauri. Kuma ta nan ne kullu kan iya cutar da tanki a kaikaice: sinki ya toshe, mutum ya sayo sinadarin buɗe bututu mai ƙarfi, soda ko asid, ya juye kwalba guda, gobe ya ƙara wata. Wannan sinadari shi ne ke iya kashe bakteriyar tanki, ba kullun ba.

Akwai kuma lissafin yawa. Giram 100 na kullu rabinsa fulawa ne. Idan kullum kina zubar da haka, a shekara fulawar ta haura kilo 18. Bakteriyar tanki za su ci mafi yawanta, amma dai kaya ne aka ƙara musu, kuma idan fulawar mai dusa ce, dusar ba ta saurin ruɓewa, laka take ƙarawa. Ga asarar fulawar ita kanta, wadda ni ita ta fi yi mini ciwo.

Ga yadda nake yi. Kullun da nake riƙewa kaɗan ne, giram 20 zuwa 30, ina ciyar da shi da fulawa da ruwa daidai nauyinsa. Sai ranar da zan yi gashi nake haɓaka shi ya kai yawan da nake so. Idan ba zan gasa burodi a makon ba, firji yake shiga, sau ɗaya a mako ya ishe shi. Da wannan kaɗai rarar ta kusa ƙarewa. Ɗan abin da ya ragu ina tara shi a kwalba a firji, in haɗa shi cikin kwaɓi na gaba, yana ƙara ɗanɗano. Wanda ya daɗe ya yi tsami fiye da kima yana tafiya cikin tulin taki, a rufe shi da busasshen ganye saboda ƙudaje, in babu wurin taki kuma a naɗe shi a takarda a jefa kwandon shara. Kada dai a ba dabba ɗanyen kwaɓi, musamman kare, domin yana ci gaba da kumbura a ciki yana fitar da barasa.

Wajen wanki kuma, kafin kwano ya ga ruwa ina kankare shi tas da cokalin roba, in goge da takarda. Hannuna idan ya yi kwaɓi ina barbaɗa masa busasshiyar fulawa in murza a kan kwandon shara, duk sai ya zube. Bayan haka in jiƙa kwanon a ruwan sanyi, ba na zafi ba, in tsiyaye ta cikin rariya mai ƙananan ido, abin da ta tare ya tafi shara. Ruwan fari-farin da ya wuce ba komai, sai in sakar masa famfo na ɗan lokaci ya kora shi har ya wuce lanƙwasar. Ruwan zafi da sabulu sai a ƙarshe, lokacin da babu sauran kullu a jikin kwanon. Idan kuma wata rana dole sai kin zubar da kullu ta magudana, ki dama shi da ruwan sanyi mai yawa har ya tsinke sosai, ki juye a masai, bututunsa ya fi na sinki faɗi. Sau ɗaya jifa-jifa bai taka kara ya karya ba.

Abubuwan da ke wahalar da tanki da gaske su ne man girki da kitse, tsumman goge jiki na jarirai, audugar mata, fenti, bilic mai yawa, da sakin ruwan wanki mai yawa a yini guda, wanda ke tura ruwa ya fice kafin ya kwanta.

Idan kina son sanin halin da tankinku yake ciki, mai aikin kwashe tanki zai naɗa farin ƙyalle a doguwar sanda ya zura har ƙasa, ya bar ta ta ɗan jima, ya zaro. Inda baƙin ya tsaya a ƙyallen shi ne tsayin lakar. Idan laka da ɓawon sama sun kusa cin kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin kwashewa ya yi. Don Allah kada kowa ya shiga ciki ko ya zura kai yana leƙe, kada kuma a kawo wuta kusa da bakin. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take, metan kuma yana kama wuta, an sha rasa rayuka ta haka. A kuma tabbatar an mayar da murfin ya zauna daram saboda yara.

Ki faɗa mini mutum nawa ne a gidan, girman tankin idan kin sani, da shekarar da aka kwashe shi na ƙarshe, sai mu ƙiyasta ko lokacin kiran masu kwashewa ya yi.