Lubban a cikin man kaɗe: me ya sa yake tsakuwa, kuma shi ne man coci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi lubban a Kasuwar Barci, na daka shi na zuba a man kaɗe saboda kaushi da fason hunturu. Sai man ya yi tsakuwa-tsakuwa, hannuna kuma yana ƙaiƙayi. Maƙwabciyata Kirista ta ce irinsa ne ake shafa wa mutane a coci. Ina gaskiyar lamarin? Daga wata uwargida a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun wurin zuba garin kai tsaye a man kaɗen aka samu matsala. Lubban ƙaro ne da ke tsattsafowa idan an tsaga bawon wata bishiya da ke fitowa a Oman da Yaman da Somaliya, 'yar'uwar ararrabin dazukanmu. Kashi biyu ne a jikinsa: wani yana narkewa a mai, wani kuwa sai a ruwa, kamar ƙaron da ake haɗa tawadar allo da shi. Wannan na biyun ne kike ji a fatarki, kuma ko kwana za ki yi kina juyawa ba zai narke ba.

Ga yadda ake yi. Ki zuba garin lubban cokali 1 a man zaitun cokali 5 cikin kwalba, ki tsoma kwalbar a tukunyar ruwan zafi na kamar awa biyu, kada ki ɗora man a wuta kai tsaye. Ki tace da tsumma mai tsabta, ki zubar da dusar. Sannan ki narka kakin zuma cokali 1 da man kaɗe ki haɗa, ki bari ya daskare.

Amma fa kada masu talla su ruɗe ki. Man kaɗen da kakin su ne ke tare danshi a fata har kaushi ya yi laushi. Lubban ƙamshi ne mafi yawan aikinsa. Kuma ire-iren ƙaron nan na ƙamshi sun yi suna wajen tayar da ƙaiƙayi, musamman balsam na Peru, wanda likitocin fata ke gwajin alaji da shi. Ki dakata da wannan haɗin tukuna. In fatar ta lafa, ki ɗan shafa sabon a cikin damtse, ki jira kwana biyu. Ya yi ja, ki haƙura da man kaɗe zalla. Faso mai jini ko ruwa, balle ga mai ciwon suga, asibiti ne maganinsa. Jarirai kuwa kada ma a fara.

Maƙwabciyarki ta kusa gaskiya. A Littafin Fitowa na Baibul, sura 30, an lissafa kayan man keɓewa, wato man shafawa mai tsarki: mur (wani ƙaro mai ƙamshi), kirfa, wasu kayan ƙamshi biyu da man zaitun. Lubban ba ya cikinsu, yana cikin haɗin turaren ƙonawa ne a ƙarshen surar. Katolika kuma man zaitun da balsam suke haɗawa, bishop ya tsarkake shi a makon da ya gabaci bikin Ista, a yi amfani da shi wajen baftisma da naɗin firistoci. A wurinsu addu'ar ce ta keɓe shi, don haka ba a mai da shi man kwalliya. Mu Musulmi ba mu da wani mai da ake tsarkakewa haka. Abin da ya zo a sunna shi ne turare ranar Juma'a, da kafur a ruwan ƙarshe na wankan mamaci.