Nikui, zurai da gatai: inda suka rabu

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya ko kalmomin Japanancin nan *yominikui* da *yomizurai* abu ɗaya ne, tunda littafinki ya fassara su duka da "mai wuyar karantawa". Ni ma wannan ya daɗe yana ɗaure min kai, sai da na zauna da Japanawa a wurin aiki sannan kunnena ya buɗe.

Ginin ɗaya ne: ki cire *-masu* da ke ƙarshen aikatau, ki liƙa ɗafin, wato *nikui*, *zurai* ko *gatai*. *Yomimasu* (karantawa) ya zama *yominikui*, in abin ya wuce kuma *yominikukatta*.

Abin dubawa shi ne inda wuyar take. Da *nikui*, wuyar tana jikin abin: rubutu ƙanana, kifi mai ƙaya. Shi ya sa yake shiga ko da babu mai niyyar yin aikin, har ya zama yabo. *Kowarenikui*, wato ba ya saurin lalacewa, abin da mai shago zai yabi kayansa da shi ne. *Zurai* kuwa daga *tsurai* ya fito, ma'ana ciwo ko ƙunci, don haka wuyar tana jikin mai yin. A nan Hausarmu ta taimake ni ƙwarai. Kin san in muka ce "ina jin nauyinsa, na kasa faɗa masa"? To wannan nauyin shi ne *iizurai*. Ranar da zan nemi izinin fita sallar Juma'a wurin shugabana, ana tsakiyar aiki, kalmar da ta dace da zuciyata ke nan. Maganar ba ta da wuyar furtawa, bakina ne ya yi nauyi.

A hirar yau da kullum Japanawa suna cuɗanya *nikui* da *zurai*, musamman matasa, kada ki tsananta wa kanki. Wuri ɗaya dai ki kiyaye: *minikui* yana nufin mai wuyar gani, amma furucinsa ɗaya da kalmar "mummuna". In aka nuna miki hoton da bai fito sosai ba, ki ce *mizurai*.

*Gatai* na rubutu ne da jawabi, kuma yana tafiya da ayyukan zuciya: *shinjigatai*, abin da hankali ya ƙi ɗauka, *wasuregatai*, wanda ba ya mantuwa. Ba a cewa takalmi mai wuyar tafiya da shi *arukigatai*. Tunda matakin N4 na jarrabawar Japananci kike shiri, ki fara riƙe *nikui* da kishiyarsa *yasui* tukuna. In za ki buga *zurai* a waya, *durai* za ki danna, shi zai ba ki づらい.